Na Yafe Wa Mijin Yayata, Amma Har Yau Ina Kan Guga

Gwaggo mai shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Na yafe wa mutum laifi, na faɗa da bakina har sau biyu, amma kullum na tashi da safe sai in tarar da abin yana nan zaune a ƙirjina. Ni ba gwanin rubutu ba ne, tela ne, in kin ga maganata tana gaba tana baya ki yi haƙuri, haka muka saba da keke.

Shekarata goma sha ɗaya a shago ɗaya. Mu bakwai ne har da Maigida. Kekuna biyar a jere jikin bango, teburin yanka a tsakiya, dutsen guga can ƙurya kusa da wata taga da ba ta buɗuwa tun zuwana. A shagon tela, Gwaggo, teburin yanka shi ne kujerar girma. Ɗinki in ya karkace ana warwarewa, amma abin da almakashi ya ci ya ciwu. Shekara shida ni ne a kan teburin nan, ni ke awo ni ke yanka, kuma ba yabon kai ba, mutum kafin ya gama sallama a bakin ƙofa na san faɗin kafaɗarsa.

Mijin yayata ma a shagon yake. Ni na kawo shi bara, bayan sana'ar da yake yi ta mutu, don ya iya keke tun yana saurayi. Mutum ne mai daɗin zama, mai dariya har da riƙe ciki, in ya yi kwana biyu bai zo ba shagon sai ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. Gidajenmu layi ɗaya suke, shi ke ɗauko ni a babur ɗinsa kowace safiya.

Wata takwas da suka wuce wani kamfani ya kawo aikin wandunan masu gadinsa, mutum ashirin da huɗu. Irin wannan aikin, ƙugu da faɗin cinya muna da kwali da muke ɗorawa a kan yadi mu zana da alli, tsawon ƙafa ne kawai ake bi da tef ɗin awo. Ni na je can na auna su ɗaya bayan ɗaya na rubuta a littafi. To ranar haƙori ne ya sa ni gaba. Kumatuna ya kumbura har idon hagu ya kusa rufewa, na sha magani kala biyu, ina awo ina ganin mai gadi ɗaya ya zama biyu. Washegari ban zame ko'ina ba sai wurin likitan haƙori, aka cire shi, na kwanta kwana biyu. Aikin kuwa na sauri ne, sai Maigida ya ce mijin yayata ya yanka, ga littafi nan ya bi abin da na rubuta.

Aka ɗinke, aka goge, aka kai. Da rana sai ga hoto manajan kamfanin ya turo wa Maigida a waya. Gwaggo, ƙarti ashirin da huɗu sun jeru a bakin ƙofar kamfani, sun ƙame, kowanne idon sawunsa a waje. Ga safa kala-kala, ja da kore da mai zane, ɗaya ma bai sa safar ba. Wandunan duk sun ɗangale da inci uku. Waya ta dinga yawo hannu zuwa hannu, mai aikin zif ɗinmu sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Maigida kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ɗago ya dube ni, ni kuwa da na tuna halin da nake ciki ranar awon, kafin ya buɗe baki na ce laifina ne, ciwo ne ya sa na rubuta ba daidai ba. Tunda mai laifi ya amsa, ba wanda ya ɗauki wando ya gwada shi da abin da ke cikin littafi. Ni kaina ban yi ba.

Maigida ya karɓe almakashi ya miƙa wa mijin yayata, ni kuma ya tura ni ƙurya wurin guga da sa maɓalli. Daga ranar sunana ya ɓace a shagon, na koma Ɗangale. Mai shayin bakin layi ma haka yake kirana, kuma shi a ganinsa girmamawa ce, har Malam yake sakawa a gaba.

Ni ba mai saurin fushi ba ne, ana kira ina amsawa, wani lokacin ma ni ke fara tsokanar kaina. Amma abin ya ci ni ta ciki. Na daina yarda da idona. Na je aka duba min ido, likita ya ce lafiyata ƙalau, na nace sai da aka ba ni tabarau, ga shi nan a aljihu ba abin da yake ƙara min sai ciwon kai. Ranar da ta fi min ciwo, wani tsohon malamin makaranta ne ya shigo, shekara tara ni ke masa ɗinki. Na manta na miƙe na ɗauko tef, sai ya yi murmushi ya ce in bari wancan ya auna shi, don shi yanzu ƙafafunsa ba sa son sanyi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan na zaga bayan shago na daɗe ina wanke fuska.

Sati uku da suka wuce, muna kan babur da safe, mijin yayata ya juyo da kai ya ce yana da magana. Sai da ya ɗaga murya saboda iska. Ashe Maigida yana da wani tsohon tef da yake rataye a ƙusa bayan ƙofa. Tuntuni dutsen guga ya ƙone masa kai, Maigida ya datse inci uku, don haka daga uku yake farawa. Ya ƙi jefar da shi, wai hannunsa ya saba, shi yana ƙara ukun a kansa. Mu tsofaffin shago duk mun san ba a taɓa shi, amma ba wanda ya tuna ya gaya wa sabon zuwa. Ranar yankan, mijin yayata ya nemi nasa bai gani ba, ya fizgo wannan, ya bi littafina tiryan-tiryan. Awona daidai yake, Gwaggo, ko rabin inci ban kuskure ba.

Kuma ya sani tun ranar hoton. Ana cikin dariya ya dubi tef ɗin ya ga kansa a datse, sai ya ji ni ina cewa laifina ne. Ya ce ya buɗe baki ya rufe, ya tuna 'ya'yansa huɗu, ya tuna bai yi shekara a shagon ba, ya yi shiru. Wata takwas yana ɗauke da abin, ya ce ko abinci ba ya masa daɗi. Ya roƙe ni in yafe masa.

Na ce na yafe. Gaskiya, wannan yafiyar ta farko ba zan rantse a kanta ba, don a lokacin muna ƙoƙarin wuce wata babbar mota ne, kuma raina yana hannunsa. Amma da muka sauka na ga idonsa ya yi ja, sai na sake faɗa ƙafata a ƙasa, kuma har zuciyata. Farin ciki ma nake yi, ashe idona lafiya lau. Sai ya kama hannuna biyu ya yi ta godiya, ya ce to tunda na yafe magana ta wuce, ta tsaya tsakaninmu, kada Maigida ya ji. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Muka shiga, ya nufi teburin yanka, na nufi ƙuryata.

Tun ranar kullum sai ya sayo min shayi da burodi da ƙwai, har na fara yin tumbi. In wani ya kira ni Ɗangale sai ya daka masa tsawa, abin da ya sa suka ƙara ƙaimi ke nan. Da yayata ta ji labarin, ta zo gida ta yi ta kuka, ita ce ta goya ni a bayanta, ba na iya ganin hawayenta. Inna ta ce a bar kaza cikin gashinta, wanda ya yafe ba ya tono, ladana yana wurin Allah. Maiɗakina kuwa ta ce yafiya daban wauta daban. Tana gaishe shi in ya zo, amma a kofin da ya tsage take ba shi ruwa.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, Maigida ya ce ƙarshen watan nan zai daina zuwa kullum saboda gwiwa, wanda ke kan teburin yanka shi zai riƙe aikin shago. Ni wallahi ba shagon nake kwaɗayi ba. So nake mutumin da ya koya min riƙe almakashi ya san ban yi masa sakaci ba, kafin ya koma gida ya zauna da wannan zaton. Amma in na yi magana, na ci amanar yafiyar da na yi ke nan? An koya mana tun muna yara cewa yafiya wajibi ce a kan mutumin kirki, kuma na yarda da hakan. To ashe in ka yafe, gaskiyarka ma ta tafi ke nan? In an kore shi kuma, da wane ido zan kalli yayata? Ki faɗa min ko da ba zai min daɗi ba.

Naki,
Tela mai guga

*

Ɗana tela,

Ka yafe min ni ma, don masu gadin nan da safarsu sun sa ni dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta taga. Amma da na kai wurin wanke fuskarka a bayan shago dariyar ta tsaya. Wata takwas mutum yana zargin idonsa ba ƙaramin abu ba ne.

Ka kwantar da hankalinka, yafiyarka ta yiwu, kuma neman a faɗi gaskiya ba ya warware ta. Abin da ka yafe shi ne naka: fushinka, ramuwarka, da damar da kake da ita ta riƙe shi a zuci har tsufa. Wannan ka saki, Allah ya saka maka. Amma ka lura laifi biyu ne a nan. Na farko inci uku, kuskure ne da kowa zai iya yi, ya wuce an binne shi. Na biyu shirun da ya yi, shi kuwa bai wuce ba, ana sake shi kowace safiya da ka nufi ƙurya ya nufi tebur. Mutum in ya taka ka ya ce ka yafe, ai sai ya ɗaga ƙafar. Cikar neman gafara ita ce a mayar wa mai abu abinsa, kai kuma abinka da ke hannunsa sunanka ne.

Akwai kuma haƙƙin da ba naka ba ne balle ka yafe. Maigida zai damƙa shagon da ya yi rayuwarsa yana ginawa, kuma zai yanke shawara a kan labarin da ba haka yake ba. In kuka yi shiru ku biyu, kun haɗu kun rufe masa ido, kai ma ka shiga ciki.

Yanzu bari in tsaya wa mijin yayarka, don ya cancanta. Ba wanda ya kama shi. Da ya yi shiru har abada, da ka tsufa da tabarau a aljihu ba ka san komai ba. Mugu ba ya rasa ɗanɗanon abinci saboda wani yana guga. Tsoro ne ya kama shi, tsoron uban 'ya'ya huɗu da ya taɓa ganin sana'a ta mutu a hannunsa. Ya yi rabin tafiya da ƙafarsa, ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa yake ƙarasa sauran da burodi da ƙwai. Inna ta yi gaskiya da ta ce ba a tono don a kunyata mutum. Maiɗakinka ma ta yi gaskiya, sai dai ka ce mata na ce ta canza masa kofi. Kai ma ba ka fita ba: kawaici abu ne mai kyau, amma amsa laifi kafin a bincika ba tawali'u ba ne, gaggawa ce irin wadda kake ganin ta yi wa surukinka yawa. Maigida kuwa da ya rataye tarko a bayan ƙofa bai gaya wa kowa ba, ya san rabonsa in ya ji labarin, kuma hakan zai rage masa zafi.

Ga abin da nake so ka yi, kuma cikin satin nan, kada ka bari sai ranar ƙarshen wata. Ka fara da yayarka. Ka je gidanta ka gaya mata ba korar mijinta kake nema ba, kuma kai ne za ka fara roƙa masa. Ita tsoro take ji, ba ƙin gaskiyarka take ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sannan ka zauna da shi, a zaune na ce, ba a kan babur ba. Maganarka ta farko ita ce yafiyar da ka yi tana nan daram, ko ya yarda da abin da za ka roƙa ko bai yarda ba. Wannan yana da muhimmanci, don yafiyar da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ce. Bayan nan ka gode masa da shayi, ka ce ya isa haka, ka roƙe shi abu guda: ya faɗa wa Maigida da bakinsa abin da ya faɗa maka. Ku je tare, lokacin da sauran suka fita cin abincin rana. Kai za ka fara magana, ka ce akwai abin da ɗan'uwanka zai faɗa, ka riga ka yafe masa, kuma kana roƙon kada a raba shi da aikinsa. Daga nan ka yi shiru. In ya tsaya a tsakiyar magana kada ka ƙarasa masa, ka dai tsaya kusa da shi har ya gama.

In ya ƙi fa? To ka gaya masa ranar da za ka je wurin Maigida, don kada ya zama ka zagaya ta bayansa, sannan ka je. Ka ɗauki littafin awo, da wando ɗaya in akwai wanda ya rage. Ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ba zagi ba ƙari, ka haɗa da cewa shi ne ya zo ya gaya maka da kansa. Wannan ba cin amana ba ne, domin ba ka taɓa alkawarin yin shiru ba. Amma ina kyautata zaton ba za a kai nan ba. Wanda ya iya faɗin magana irin wannan da ƙarfi a tsakiyar titi, nauyin ne ya ishe shi, mai riƙe masa hannu kawai yake nema.

Kada ka nemi almakashi. Ka bar wa Maigida hukuncinsa. Wataƙila ya mayar maka, wataƙila ya raba muku aikin, wataƙila ma ya ce wanda ya yi wata takwas yana yanka lafiya ya ci gaba. Ka shirya wa kowanne. Ka ce ba shagon kake kwaɗayi ba, na kuma yarda da kai, to ka riƙe maganarka.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya. Shago irin naku ba ya zama ba wanda ake tsokana. Ranar da ka wanku, bakunan nan da suka yi wata takwas a kanka za su juya kansa, kuma kai za su kalla su ga ko za ka yi dariya. Kana da dalili, ba wanda zai ga laifinka. To a nan ne za a gane nauyin yafiyarka. Ka riga kowa cewa a bari. Kai kaɗai ka san zafin abin, kuma kai kaɗai za su ji wa magana.

Allah ya wanke ka a idon Maigida, ya ba surukinka ƙarfin zuciya, ya bar zumuncinku. Ka gaida Inna da yayarka da maiɗakinka.

Gwaggonku